Wutsiyar waƙar Mumuni Tsawa

Ni Halidu, gyaran radiyo ne sana'ata. Shekara talatin da ɗoriya ina zaune a rumfa ɗaya a unguwar Kalley, cikin birnin Yamai, mutane iri-iri sun wuce ta gabana, amma ban taɓa ganin mai taurin kai irin Mumuni ba. Na faɗa masa haka yana da rai, saboda haka kada wani ya ce gulmar mamaci nake yi. Abokina ne, tare muka tsufa, kuma ni na riƙa lallaɓa masa kayan kiɗa tun ranar da ya sauko daga Kumasi da jita a kafaɗa da akwatin sauti a ka.

Ɗan maƙera ne daga Kukar Maƙera, can arewa da Tawa. Da rana sudur, wato walda, yake yi a Gamkalley, yana haɗa ƙofofi da gadajen ƙarfe da amalanke. Ranar Asabar kuma ya wanke hannu ya zama mawaƙi. Akwatin sautin nan nasa, wanda muke ce wa bafal, takardar cikinsa ta yage tun a hanya, a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Sai ya zama in ya taɓa jita ba ta kuka irin na jitar mutane, gurnani take yi. Sau nawa na ce ya kawo in canza masa takardar? Ya ce in na kuskura na taɓa ta sai ya karya mini yatsu. Makaɗansa ma ba ganga suke bugawa ba. Ƙarafan tsofaffin motoci ne, da bakin garma, da wata ƙaramar uwar maƙera da ya gada wajen ubansa. Sa'an nan ga muryarsa a bisa duka. In yana waƙa a Gamkalley, masu wanki a ƙetaren kogi wajen Lamorde suna jin sa, shi ya sa aka laƙa masa suna Tsawa.

Akwai wani anasara malamin lakwal, makarantar boko, da ya taɓa jin sa a wurin biki, ya bi shi har garejinsa da radiyo a hannu. Ya ce irin wannan kiɗa a ƙasarsu ƙarfe mai nauyi suke ce masa, ya kuma sa masa kaset ɗin wasu samari masu gashi har kafaɗa. Mumuni ya saurara yana ɓare goro. Da aka gama ya ce, «Yara ne, amma suna ƙoƙari.» Ni kuwa kaina ciwo yake yi daga nasu har nashi, amma wa ya tambaye ni.

Shekara ashirin yana wannan ihu a bukukuwan Yamai. Ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba, shi ma bai taɓa nema ba. Yakan ce wanda ke son jin tsawa ya fito waje.

Sai 1984 ta zo. Wanda ya ga shekarar nan ba ya son a tuna masa. Damina ta yi alamar zuwa ta fasa, gero ya bushe tun yana ƙarami, mutanen arewa suka riƙa gangarowa da tabarmi da tukunya suna kafa bukkoki a bakin gari. Bukukuwa suka ƙare, don wa zai kira makaɗi gidan da ba a ɗora tukunya ba? Soja ke mulki, kowane taro sai da takardar izini, kuma takardar ba ta fitowa sai ranar taron ta wuce. 'Yan unguwa suka riƙa tsokanarsa: «Tsawa, ga ka ga gari, ina ruwan?» Yana dariya, amma na lura dariyar ba ta fita sosai.

Wata safiya ya zo rumfata ya zauna a kan bencin da ya saba, ko gaisuwa bai yi ba. Wannan kaɗai ya isa ya tada mini hankali.

Ya ce, «Halidu, na je likita.»

Na ce, «To, sun ce me? Sun gano kan naka babu komai a ciki?»

Ya nuna maƙogwaronsa. Ya ce akwai wani abu da ke girma a nan, kuma likita ya ce muryar ba za ta kai damina mai zuwa ba. Na ajiye abin da ke hannuna. Sai na ce Allah ya sawwaƙe, kamar wanda aka gaya wa akuya ta ɓata.

Ya ce, «Ina son a zuba ta a kaset kafin ta tafi. Waƙa takwas. Bakwai na mutane ne, ta takwas ta Yaya Hawa ce.»

Hawa yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana can Kukar Maƙera tun ƙuruciya ba ta sake barin ƙauyen ba. A shekarar da fara ta cinye gonaki, yana ɗan shekara uku, uwarsu ta rasu a kan hanyar neman abinci. Hawa, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ita ta goya shi kwana tara, tana tauna masa 'ya'yan itacen anza tana sa masa a baki, har suka iske dangi. Shekara hamsin da wani abu bai taɓa ce mata na gode ba. Kun san halinmu, ƙane ba ya duban idon yayarsa ya faɗi irin wannan magana, kunya ba ta bari. In ya je gida sai ya kai mata zane da sukari, ita kuma ta ce ya rame. Maganarsu ke nan. Yanzu ya ce abin da baki ya kasa, waƙa za ta faɗa.

Ya sayar da mobilet ɗinsa, ɗan babur ɗin da yake hawa, muka je wurin wani Abdulaye da ya koyo aikin ɗaukar sauti a waje, ya buɗe studiyo a bayan shagon wansa. Studiyo! Ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai, babu taga, kuma ba a kunna fanka don kada ƙararta ta shiga aiki. Cikin watan goma ne, tsakar rana, don lokacin ne kaɗai kuran, wato wutar lantarki, ke ɗan zama. Mutum shida a ciki da ƙarafa. Ni da aka kira don in tsare wayoyi, rigata sai da na matse ta sau uku.

Kafin a fara ma sai da aka kai kalmomin waƙoƙin wani buro, ofishin gwamnati, don a duba. Wani soja matashi ya karanta da bik a hannu, ya ja layi a kan duk inda aka ce yunwa. Ya ce babu yunwa a ƙasar nan, ƙarancin cimaka ne. Mumuni ya ce, «Ranka ya daɗe, wannan yunwar ta zamanin anasara ce, ba taku ba ce.» Sojan ya ce ko ta zamanin Annabi Nuhu ce, ba za ta shiga kaset ba. Muka fito ta kan mutanen da ke kwance a inuwar katangar buron. Mumuni ya mayar da wurin ya zama «shekarar nan», ya ce Yaya Hawa ta san wace shekara.

Rigima ta biyu da Abdulaye aka yi ta. Yana jin gurnanin bafal ya dafe kai ya ce wannan abu ya lalace, bari ya kawo sabo. Mumuni ya ce in aka kawo sabo shi ya tafi gida. Abdulaye ya ce allurar injinsa tana shiga ja, Mumuni ya ce ta shiga baƙi ma. Aka yi ta ja-in-ja har kuran ya ɗauke, muka zauna cikin zufa muna hararar juna. Daga ƙarshe Abdulaye ya gaji ya ce, «Baba, kaset ɗinka ne, sunanka ne a kai.»

Kwana huɗu aka yi. Kowace safiya matarsa Zinariya takan haɗo masa zuma da citta a kwalba. Mace ce mai sana'ar dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin titin Gamkalley, ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa cewa tana son kiɗansa ba. Rana ta farko muryar ta fita kamar da. Ta biyu ta fara tsagewa. Ta uku yakan yi baiti biyu ya fita ya yi tari a bayan ɗaki, ya dawo yana goge baki da hannun riga don kada mu gani. Mun gani.

Rana ta huɗu aka zo kan waƙar Hawa. Ya ce sau ɗaya zai yi ta, wanda ya yi kuskure ya yi wa kansa. Minti tara ce. Ta fara a hankali, jita kaɗai tana gurnani, yana ba da labarin hanya da goyo da anza, yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Sa'an nan ƙarafa suka shigo. A ƙarshe babu labari kuma, suna kawai yake kira da iyakar ƙarfinsa: «Hawa! Hawa ɗiyar maƙera!» Ya yi ta kira har jita ta mutu. Ni da nake cewa kiɗansa ciwon kai ne, na juya ina duban katifar bango don kada a ga idona. Abdulaye ya tsayar da inji, ya ce a sake don allura ta wuce iyaka. Mumuni ya buɗe baki zai zage shi, sai iska kawai ta fito. Daga ranar bai ƙara magana da ƙarfi ba, sai raɗa.

Kaset ɗari uku aka buga, a kan zare mai kyau da Abdulaye ya samo daga Faransa, da hoton Mumuni riƙe da guduma. Na ce ya sa masa kuɗi daidai da wahalarsa. Ya raɗa mini cewa mutane na cikin wuya, ba zai tsawwala ba, ya sa farashin da bai kai na kaset fanko, marar komai a kai, ba. Na ce masa wauta ce. Da na san irin wautar, da na kwanta a ƙofar shagon na hana.

Abin da ba mu lissafa da shi ba ke nan. Shekarar an rufe iyakar Najeriya, kuma daga Kano kaset fanko ke zuwa mana. Ya yi wuyar samu ƙwarai. Su kuwa mutanen da fari ya watsa, yawancinsu ba su rubutu, da kaset suke aika wasiƙa. Mutum ya ari radiyo, ya zauna ya yi gaisuwa, ya faɗi wanda ya mutu da wanda ya haihu da inda aka koma, ya ba direba. Gefe ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa da amsa.

Cikin sati uku kaset ɗin Mumuni ya ƙare a kasuwa ƙaf. Tun gobarar babbar kasuwa masu sayar da kaset suka watsu cikin gari, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce masa babu ko ɗaya. Kai, ku ga mutum! Ya sa babbar riga ranar da ba Juma'a ba, ya zo ya zauna a bencina yana murmushi, ya raɗa, «Ina masu cewa Tsawa ya tsufa?» Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai. Yakan zaga teburan masu shayi da tashar mota yana kasa kunne, bai taɓa jin muryarsa tana fita daga radiyon kowa ba. Kiɗan Zayar kawai ake sha. Na ce masa wataƙila a ɗaka suke saurare, don waƙarsa ba ta titi ba ce. Ya yarda, don yana son ya yarda.

Ni na fara ganowa. Wata mata daga Tanut ta kawo mini radiyon aro da ya cinye kaset. Na buɗe, sai ga hoton Mumuni da gudumarsa. Na ji daɗi, na ce yau na kama mai saurare. Da na juya shi sai na ga ramukan nan biyu na sama, waɗanda ake fasawa don kada a yi ɗauka a kai, an cusa musu takarda an danne da tsinke. Na liƙa abin da ya saura na zaren na kunna. Muryar matar ce, tana gaya wa mijinta da ke Agadas cewa ƙaramar ta rasu a hanya, babban yana nan. Ta yi magana mai tsawo. Da ta gama aka ji ƙas, sai ƙarafa suka fashe, Mumuni yana kiran Hawa, minti ɗaya da rabi, shi ke nan.

Na ce, «Baiwar Allah, kin san abin da kika goge?»

Ta ce, «Wani mahaukaci ne ke ihu, malam. Mai kaset ya ce shi ya fi araha, kuma zarensa ba ya tsinkewa.»

Na so in yi mata faɗa. Da wane baki? Rabin saƙonta inji ya tauna, tana tsaye tana hawaye, direba zai tashi da la'asar, kuma ba ni da fanko ko ɗaya. Na ɗauko nawa kaset ɗin, wanda Mumuni ya ba ni da hannunsa, na yagi takarda na cusa a ramukan da kaina, na miƙa mata mikoro ta sake magana a ciki. Na ce a raina ai uwar zaren, wadda daga ita ake kwafa, tana wurin Abdulaye, a sake bugawa. Wannan laifi nawa ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Washegari na je wurin Abdulaye. Ya sosa ƙeya. Ya ce zaren babban inji guda biyu gare shi duk duniya, shi ma rufe iyaka ta kama shi, kuma wani attajiri ya kawo maroƙinsa a yi masa waƙar yabo, sai ya ɗauka a kan na Mumuni. Ya ce, «Ai an riga an buga ɗari uku, Malam Halidu, me za a yi da uwar?» Na zage shi, na zagi injinsa, na zagi ƙasar da ta koya masa aiki. Ya tsaya yana ba ni haƙuri. Na fito na zauna a bakin hanya.

Kaset guda ɗaya ya rage cikakke, wanda ke aljihun Mumuni. Shi ne ya ware wa Hawa, yana jira ya samu ƙarfi ya kai mata da kansa, ya ajiye mata ya fita waje kafin ta kunna. Na so in roƙe shi in kwafa, amma na san zai tambaye ni dalili, sai na kasa. Na je wurin Zinariya in nemi shawara, na iske ta ta riga ni sani. Matan da ke sayen koptonta sun gaya mata tun tuni.

Ta ce, «Malam Halidu, ka bar shi. Wata biyu ke nan yana cin abinci. Ka san rabon da in ga haka?»

Na bar shi. Kullum ina cewa gobe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin watan biyu na sabuwar shekara wani direban kamiyo mai kai hatsin taimako arewa ya tsaya a rumfata yana tambayar Mumuni maƙeri, ya ce an ba shi saƙo daga Kukar Maƙera. Mumuni na zaune a benci. Direban ya miƙa masa kaset a ƙulle cikin tsumma. Ya kwance, ya ga fuskarsa da gudumarsa. Ya juya shi, ya ga takarda a ramuka. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina neman abin da ban yar ba.

Ya raɗa, «Duka?»

Na ce, «Duka.»

«Na Abdulaye fa?»

Na girgiza kai. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na ji sauƙi. Ya miƙo mini kaset ɗin ya nuna radiyo. Kuran ya ɗauke tun safe, na sa pil, wato batir, na kunna.

Muryar tsohuwa ce, a gajiye, da harshen mutanen Adar. «Mumuni, ni ta, Hawa. Muna nan lahiya, sai abin da ba a rasa ba.» Ta lissafa shanun da suka mutu, da gidajen da aka rufe, da rijiyar da ta koma ba da laka. Ta ce idonta ya yi rauni. Sa'an nan ta ce: «Wani abu nika son in tambaye ka. Duk wasiƙar da ta zo garin ga daga Yamai, in mai magana ya gama, sai mu ji ka kana kiran sunana. Gidan Tanko an ji, gidan liman an ji, har yara sun iya. Mata na yi mini dariya, suna cewa mi kika yi ma ƙanenki shina kuka da sunanki cikin duniya? Ni ban sani ba. Wutsiya ɗai muka ji. In laihi na yi maka, ka gaya mini tun ina da rai. In ba laihi ba ne, ka aiko mini da hwarkon.»

Aka ji ƙas. Ƙarafa suka fashe, ga shi nan yana kiran ta.

Mumuni ya sa hannu a aljihu ya fito da kaset ɗinsa. Na kama hannunsa. Na ce ya dakata in kwafa tukuna, ko a kan wane tsohon zare ne. Direban ya ce shi fa yanzu zai tashi, sojan rakiya na jiran sa a bakin gari, kuma ba ya jin zai sake bin hanyar nan kafin wata biyu. Radiyo ɗaya ne mai pil a rumfar, kwafa kuwa sai da biyu. Na ce a jira kuran, na ce a jira wani direban, na ce ka san abin da za su yi da shi in ya isa can! Ina ta ihu a tsakiyar Kalley kamar ni ne Tsawan.

Ya zare hannunsa a hankali. Ya raɗa, «Tana zaton laifi ta yi mini, Halidu.»

Ya naɗe shi cikin tsumman da nata ya zo a ciki. Ya sa ni na kwashe duk sabon pil ɗin da ke rumfar, guda takwas, aka haɗa. Direban ya soke a aljihu ya tafi.

Bayan nan ba wani labari mai daɗi. Zafi ya shigo, kogin Isa ya yi ta ja da baya har yara na tsallaka shi da ƙafa. Mumuni ya rufe gareji, don hayaƙin sudur na shaƙe shi. Ya rame, babbar rigar ta koma rataye a ƙusa. Kullum da hantsi Zinariya takan rako shi rumfata ta wuce wurin sana'arta, ya zauna yana duban hanya. Ba mu yin maganar kaset. Ni dai na fara wata ɗabi'a: duk kaset mai hotonsa da ya maƙale a radiyon wani, sai na saurari ƙarshensa kafin in mayar. Mafi tsawon da na samu minti huɗu ne, kuma ko shi bai kai inda labarin yake ba.

Cikin watan biyar direban ya dawo. Tsumman nan ne dai. Mumuni ya kwance. Kaset ɗinsa ne, na gane shi da tabon man inji a gefen hoton. Akwai takarda a ramukan.

Na kunna. Muryar namiji ce. «Kawu, Shu'aibu ne, ɗan Hawa. Kawu, sai haƙuri. Inna ta rasu ran Laraba, kwana goma sha biyu da suka wuce, an yi mata sutura.» Ana jin kukan akuya a bayansa. «Saƙonka ya iske ta. Ta sa an kunna mata daga hwarko, ta kori kowa daga ɗaki. Kullum sai ta ji, har pil ya ƙare, muka shanya shi a rana ya ƙara kwana biyu. Ta ce in gaya maka kwana goma ne, ba tara ba, kai yaro ne ba ka sani ba. Ta ce kuma a goyon ba ka da nauyi.» Ya ja numfashi. «Kawu, ka gafarce mu. Babu wani kaset a garin ga, kuma mutane na da saƙo.»

Na kai hannu zan kashe. Mumuni ya riƙe ni.

Bayan Shu'aibu sai wani tsoho yana neman ɗansa da ke dako a Bukoki. Bayansa wata mata tana gaya wa ƙanwarta kada ta dawo, babu abin dawowa. Sai liman, sai wani, sai wata. Garin duka ne suka bi layi, kowa ya faɗi sunan nasa da unguwar da yake zaton yana ciki. Gefen farko ya cika, Mumuni ya yi mini alama in juya. Masu wucewa suka fara tsayawa a bakin rumfa. Awa guda muna zaune cikin zafin nan, bai motsa ba, bai sha ruwan da na ajiye masa ba.

Mai magana na ƙarshe ya yi sallama. Ƙas. Abin da ya rage bai kai a ƙirga ashirin ba. Babu ma ƙarafan sosai, sun fara mutuwa. Muryarsa ce kawai, ta da, mai kai wa Lamorde: «Hawa! Hawa ɗiyar maƙera!» Sau biyu. Zare ya ƙare, radiyo ya tsaya da kansa.

Na ce, «Wannan kam ba mai taɓa shi. Zan zare takardar ramukan in sa a akwati in kulle.»

Ya girgiza kai. Ya jawo ni kusa, don raɗar ma ta fara gagararsa.

«Kwana goma,» ya ce. «Ka ji ta? Har yanzu gyara mini take yi.»

Ya cire kaset ɗin da kansa, ya naɗe, ya sa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai.

«Ba nawa ba ne. Mutane na jiran saƙonsu. Ka fara da mai dakon Bukoki.»

Na rufe rumfa da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na ɗaura radiyo a bayan keke. Da na waiwaya yana nan zaune a benci, ya ɗauki kofin ruwan yana sha a hankali. Kwana uku na yi ina bin unguwanni da sunaye a kaina. A gida na ƙarshe suka ce in bar musu shi, suna da amsar da za su mayar.